Aƙida da Buƙata: Abubuwan da ke Jan Mutane Zuwa ga Ƙungiyoyin Masu Da'awar Jihadi

1.0 Gabatarwa

Tun daga watan Yuli na 2009, sa'ad da faɗa ya ɓarke a Bauci da Maiduguri da Potiskum da Wudil tsakanin jami'an tsaro da mabiyan Muhammad Yusuf, da wuya a sami tambayar da aka fi nanatawa a majalisun malamai da na 'yan boko kamar wannan: me ke sa yaro ɗan Musulmi, wanda aka haifa aka raɗa wa suna a unguwa, ya wayi gari yana ganin jinin mutanen unguwar tasa halal ne? Tambayar ba ta neman hira ba ce. Hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 wannan rikici ya ci rayuka kimanin 350,000 a jihohin Barno da Yobe da Adamawa, in an haɗa waɗanda makami ya kashe da waɗanda yunwa da cuta suka kashe a sanadiyyarsa.

Amsoshin da aka saba bayarwa ba su wuce biyu ba. Wasu su ce talauci ne da jahilci, a ba matasa aiki magana ta ƙare. Wasu kuwa su ce aƙida ce tsagwaronta, in an gyara wa'azi shi ke nan. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu nuna cewa waɗannan amsoshi biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Abin da ya shigar da mutum cikin irin wannan ƙungiya daban, abin da ya zaunar da shi har ya ɗauki makami daban. Ƙofofin shiga suna da yawa, kuma galibinsu na buƙatun duniya ne. Aƙida ita ce ke rufe ƙofa a bayan wanda ya shiga.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu yi togaciya a kan kalma. Jihadi babi ne sananne a littattafan fiƙihu, yana da sharuɗɗansa da mai ikon shelanta shi da waɗanda aka hana a taɓa a cikinsa. Ba shi muke nazari a nan ba. Muna magana ne a kan ƙungiyoyin da suka ɗauki sunan suka yar da sharuɗɗan, shi ya sa muka kira su masu da'awar jihadi.

2.0 Gindin Aƙidar: Kafirtawa

In aka tattara koyarwar waɗannan ƙungiyoyi aka tace, abin da zai rage shi ne kafirta Musulmi. Dalili kuwa a fili yake. Akasarin waɗanda suke kashewa masu salla ne, kuma mai salla ba ya kasuwa a hannun mai salla sai an fara cire shi daga addini. Saboda haka duk sauran bayanai, na boko ne ko na dimokuraɗiyya, tsani ne na hawa zuwa wannan hukunci.

Abin ba sabo ba ne. Bayan yaƙin Siffin a shekara ta 37 bayan Hijira, watau 657, wasu daga cikin rundunar Sayyidina Ali suka ware, suka ce yardar da ya yi a naɗa mutane su yi sulhu tsakaninsa da Mu'awiya kafirci ne, domin hukunci na Allah ne shi kaɗai. Su ne Hawarijawa. Daga nan suka gina cewa mai aikata babban zunubi ya fita Musulunci. Wani reshe nasu, Azariƙa, ya zarce har ya ce duk wanda ya zauna a gida bai ƙaura zuwa sansaninsu ba kafiri ne, kuma jininsa da na iyalinsa ya halatta. Muna roƙon mai sauraro ya riƙe wannan ra'ayi na Azariƙa, don za mu sake cin karo da shi a dajin Sambisa bayan shekara dubu da ɗari uku da ɗoriya.

A wannan zamani, Sayyid Ƙuɗub na Masar ne ya sake wasa wuƙar. A littafinsa Ma'alim fiɗ Ɗariƙ, wanda ya fito a 1964, ya siffanta al'ummun Musulmi na yau da jahiliyya, tun da ba da shari'ar Allah ake mulkinsu ba. In an lura, a kurkuku ya tsara wannan tunani, inda ake azabtar da 'yan ƙungiyarsa, kuma rataye shi aka yi a 1966. Shugaban ƙungiyar tasa ta Ihwan, Hasan al-Hudaibi, bai yarda da kafirta jama'a ba, har aka fitar da littafin raddi da sunansa mai nuna cewa aikinsu kira ne, ba alƙalanci ba. Amma maganar ta riga ta fita. Waɗanda suka kashe Shugaba Anwar Sadat a 1981 sun tafi ne a kan cewa yaƙar shugaban gida ya gabaci yaƙar maƙiyi na nesa.

Muhammad Yusuf, wanda aka haifa a 1970 a ƙasar Yobe, ya kafa cibiyarsa a unguwar Railway ta Maiduguri ya sa mata sunan Ibn Taimiyya. In muka bi wa'azinsa da littafinsa Hazihi Aƙidatuna wa Manhaju Da'awatina, za mu ga hujjar tana tafiya ne daki-daki. Da farko, tsarin mulkin Nijeriya ɗagutu ne, watau abin da ake bi koma bayan Allah. In haka ne, aiki a ƙarƙashinsa, musamman aikin soja da ɗan sanda da alƙalanci, bauta wa ɗagutu ne. In kuwa haka ne, makarantar da ke yaye ma'aikatan nan ita ma ta haramta, balle ga cakuɗa maza da mata da wasu darussa da ya ce sun saɓa wa nassi. Daga nan jama'a suka laƙaba musu sunan Boko Haram, su kuwa daga baya suka kira kansu Jama'atu Ahlis Sunna Lidda'awati wal Jihad. Ƙarfin wannan hujja a wurin matashi shi ne sauƙinta. Kowane mataki yana kama da dole ne ya biyo bayan na gabansa, kuma wanda ya yarda da na farko sai ya ga kunya ce ya tsaya a tsakiya. Har ila yau, hujjar ta zo a kan gaɓa. An ƙaddamar da shari'a a jihohin Arewa daga 1999, talakawa sun sa rai ƙwarai, sa'an nan suka ga ba ta hau kan manya ba. Yusuf ya sami abin nuni da yatsa.

Malamai ba su yi shiru ba. Shaihu Ja'afar Mahmud Adam, wanda Yusuf ya taɓa zama a majalisinsa, ya yi masa raddi a bainar jama'a kafin a harbe shi a masallacin Ɗorayi a Kano a watan Afrilu na 2007. Malam Isa Ali Pantami ya yi muƙabala da shi a 2006. Shaihu Auwal Albani na Zariya ya daɗe yana sukar su, aka kashe shi a 2014.

Akwai wani abu na tarihinmu da ya kamata mu tsaya a kansa, domin waɗannan ƙungiyoyi sukan jingina kansu ga jihadin 1804. Ba za mu ɓoye ba cewa mas'alar kafirta sarakuna tana cikin rubuce-rubucen masu jihadin, kuma a kanta ne Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi na Barno ya ƙalubalance su a wasiƙunsa, yana cewa saɓo ba kafirci ba ne, in kuwa kafirci ne to babu ƙasar Musulmi da za ta tsira. Muhammadu Bello bai ƙone waɗannan wasiƙu ba, ya kawo su a Infaƙul Maisuri ya ba da amsa. Abin da masu da'awar jihadi ba su cika faɗa ba shi ne, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya shafe shekaru yana fama da wasu ɗalibai na zamaninsa masu kafirta talakawa don kawai ba su iya kawo hujjojin tauhidi irin na malaman kalam ba, kuma ya yi wallafe-wallafe da dama yana kare imanin gama-garin mutane. Ashe ke nan mai kafirta ɗan kasuwa da manomi ya fi kusa da waɗancan ɗalibai bisa ga Shehun da yake ambato.

3.0 Ƙofofin Shiga

To, wane ne ke shiga, kuma ta ina?

Bari mu fara da talauci, tun da shi aka fi ambata. Masu wannan ra'ayi suna da madogara a rikicin Maitatsine. Muhammadu Marwa ya tara mabiyansa a 'Yan Awaki cikin Kano, kuma faɗan Disamba na 1980 ya ci rayuka fiye da 4,000, kafin ya sake tashi a Bulunkutu da Rigasa a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985. Paul Lubeck, a nazarinsa na 1985, ya danganta abin da gardawa 'yan ci-rani, waɗanda kuɗin man fetur ya canza musu birni: tsadar rayuwa ta ƙaru, ƙananan sana'o'in da suka dogara a kai suka ja baya, masu kuɗi suka daina buɗe musu zaure. Wannan bayani yana da ƙarfi a kan Maitatsine. Amma ba ya ɗaukar kowa. Umar Faruk Abdulmutallab, wanda ya yi yunƙurin tarwatsa jirgin sama a Amurka ranar 25 ga Disamba 2009, ɗan babban gida ne, kuma ya karanta injiniya a Landan. Alan Krueger da Jitka Maleckova, a 2003, sun duba Gabas ta Tsakiya ba su ga wata alaƙa ta kai tsaye tsakanin talauci da shiga ta'addanci ba. Daɗin daɗawa, matalauta a Arewa miliyoyi ne, masu shiga kuwa 'yan dubbai. Bayanin da ya hau kan mutum miliyan alhali guda ɗari ne suka aikata, bai gama bayani ba tukuna. A nan za mu so mu ja kunnen 'yan uwanmu 'yan boko game da saurin ɗora laifi a kan almajirai. Cikin waɗanda suka fara ƙaura zuwa Kanamma a 2003 har da masu karatun zamani da 'ya'yan masu hali.

Abin da ya fi dacewa a ce shi ne, ba talauci kansa ba, toshewar hanya. Saurayin da ya kai munzali a ƙasar nan yana bukatar abu biyu kafin a ƙirga shi cikin mutane: jari da aure. Ƙungiyar Mercy Corps ta tattauna da tsofaffin 'yan Boko Haram 47 ta fitar da rahoto a 2016, inda ta nuna yadda ake ba masu ƙananan sana'o'i rancen jari, wasu su shiga don sa ran samu, wasu kuwa su karɓa su kasa biya sai a ce su biya da kansu. Wanda ya san wuyar samun rance a banki ga mai shago ko ɗan acaɓa ba zai yi mamaki ba. Haka kuma batun aure. An san Yusuf da aurar da mabiyansa cikin sauƙi, babu lefe mai nauyi babu bidi'o'in biki. Hilary Matfess, a littafinta na 2017 a kan mata da wannan yaƙi, ta kawo bayanin wasu matan da suka ce a can hannunsu ake danƙa sadaki, an ɗauke musu aikin gona, kuma ana zaunar da su a koya musu karatu. Wannan ba ya rage komai daga zaluncin da aka yi wa ɗimbin matan da aka sace. Yana dai nuna mana cewa abin da al'umma ta hana, ko ta tsananta, shi ƙungiya ke sayarwa da araha.

Sai abota da zumunta. Marc Sageman ya bi tarihin mutum 172 na ƙungiyoyin da ke da alaƙa da Alƙa'ida, a littafinsa na 2004, ya ga galibinsu ta hannun aboki ko ɗan uwa suka shiga, kuma sau da yawa a ƙungiyance. Rahoton Mercy Corps ma ya sami haka a Barno. Watau mutum yakan fara zama da mutanen kafin ya ɗauki ra'ayinsu, zama da maɗaukin kanwa ke nan. Ana ba shi abinci, ana kiransa ɗan uwa, ana tambayarsa in bai zo karatu ba. Ga wanda ya baro ƙauye ba shi da kowa a birni, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙofar da muke ganin ta fi kowace faɗi ita ce ramuwar gayya, kuma ita ce hukuma ba ta son a ambata. A watan Yuni na 2009 jami'an rundunar Operation Flush suka tare mabiyan Yusuf a hanyar jana'iza a kan dokar hular kwano, aka harbi mutum 17. Bayan faɗan Yuli, sojoji suka kama Yusuf da rai suka miƙa wa 'yan sanda, aka kashe shi ranar 30 ga wata ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Surukinsa Baba Fugu, dattijo, shi ma aka kashe shi. A farkon 2010 gidan talabijin na Aljazira ya nuna hotunan jami'ai suna kwantar da mutane suna harbewa, har da masu dogara sanda. Waɗannan hotuna sun yi yawo a wayoyin hannu, sun yi wa ƙungiyar aikin da wa'azin shekara goma bai yi ba. Bayan an sa dokar ta-ɓaci a 2013, kamen kan mai uwa da wabi ya ƙaru. Ƙungiyar Amnesty ta ba da rahoto a 2015 cewa mutum fiye da 7,000 sun mutu a tsare a hannun soja daga 2011, kuma sunan barikin Giwa ya zama abin tsoro a Maiduguri. Binciken da UNDP ta fitar a 2017, wanda ya haɗa da mutum 495 da suka shiga irin waɗannan ƙungiyoyi da ƙafarsu a ƙasashen Afirka, ya nuna kashi 71 cikin ɗari sun ce wani aiki na hukuma, kamar kashe ko kama ɗan uwa ko aboki, shi ne ya ingiza su a ƙarshe. Ko da yake akasarin waɗanda aka tambaya daga gabashin Afirka suke, kuma mai laifi yakan so ya ɗora wa wani, adadin ya yi yawan da ba za a kau da kai daga gare shi ba.

Akwai kuma waɗanda ba su zaɓa ba sam. Daga 2013 zuwa 2015, sa'ad da ƙungiyar ta mamaye garuruwa irin su Gwoza da Bama, an kwashi samari da yara da mata da bakin bindiga. 'Yan matan Cibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 su duniya ta sani, amma ba su ne mafi yawa ba. Tambayar dalili ba ta hau kan waɗannan ba.

4.0 Yadda Ƙofa ke Rufewa

Mai rance da mai neman aure da mai fushi da wanda aka sato duk sun taru a wuri ɗaya. A nan aƙida ke fara aikinta na haƙiƙa. Tana ba mai fushi suna ga fushinsa, ta ce masa ba ramuwa yake yi ba, ibada yake yi. Tana raba shi da iyayensa da malamansa na da, tun da an ce masa su ma sun yarda da ɗagutu, saboda haka babu sauran wanda zai ji maganarsa a waje. Sa'an nan a sa shi ya zubar da jini, galibi a garin da aka san shi. Daga ranar nan yana bukatar aƙidar fiye da yadda take bukatarsa, domin in ta ƙaryata, shi mai kisan kai ne kawai. Fita kuma an riga an kira ta ridda, hukuncinta kisa, a waje kuwa soja da 'yan kato-da-gora suna jira.

Amma kafirtawa wuta ce da ba ta san mai hura ta ba. Abubakar Shekau ya kai ta inda Azariƙa suka kai ta: duk wanda ke zaune a ƙarƙashin gwamnati bai ƙaura zuwa gare su ba, ko da ɗan gudun hijira ne a sansani, ya kafirta, kuma ba a yi masa uzuri da jahilci. Da wannan aka halatta tura 'yan mata da bam cikin kasuwa da tasha, da harin babban masallacin Kano na 28 ga Nuwamba 2014 inda aka kashe masallata fiye da ɗari. A kan wannan mas'ala ƙungiyar ta dare. Ansaru ta ɓalle a 2012. A Agustan 2016 ɓangaren Abu Mus'ab al-Barnawi, ɗan Yusuf na cikinsa, ya rabu da Shekau, kuma a 2018 'ya'yan Yusuf suka fitar da littafi suna kiran Shekau da mutanensa Hawarijawa, sunan da malamai suka kira ubansu da shi. Shekau ya mutu a Sambisa a watan Mayu na 2021 a faɗa da waɗannan tsofaffin abokai nasa.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi ƙarfin hujjarmu. Cikin 'yan watanni bayan mutuwarsa, mutane dubbai bisa dubbai, mayaƙa da iyalansu da manoman da aka riƙe, suka fito suka miƙa wuya a Barno. Ba wata muƙabala aka yi aka kayar da su ba. Mai tsaron ƙofa ne ya kau, kuma labari ya kai musu cewa wanda ya fito ba a kashe shi. Da aƙida ce kaɗai ta riƙe su, da ba su fito haka ba. Binciken UNDP na biyu, na 2023, ya zo da abin da ya yi daidai da wannan: kashi 25 cikin ɗari na masu shiga da kansu sun ce neman aiki ne babban dalilinsu, masu cewa addini kuwa kashi 17. Sai dai kada wannan ya ruɗe mu. Shugabanni da malaman ƙungiya, waɗanda suka yarda da abin har zuci, ba su cika fitowa ba, ba su kuma cika shiga hannun masu bincike ba. Shirin gyaran hali irin na Operation Safe Corridor, wanda aka fara a 2016 da sansani a Malam Sidi ta jihar Gombe, in ya yi wa wanda aka sato da wanda ya sato shi magani iri ɗaya, zai cuci na farko, na biyu kuma ya yi masa dariya.

5.0 Abin da ya Shafi Masu Horon Malamai

Binciken 2017 ya nuna kashi 57 cikin ɗari na waɗanda suka shiga sun yarda cewa fahimtarsu ga nassoshin addini kaɗan ce ko babu, kuma wanda ya yi shekara shida ko fiye yana karatun addini ya fi wuyar jawuwa. Wannan ya shafe mu kai tsaye. A ajujuwanmu mun lura ɗalibi zai iya lissafa farillan alwala da rukunan salla ba gargada, amma in aka jera masa matakan hujjar nan da muka kawo a baya, aka ce ya nuna inda ta karye, sai ya yi shiru. Bai taɓa jin cewa malamai sun bambanta tsakanin aiki ya zama kafirci da mai aikin ya zama kafiri ba, ko cewa jahilci da tilas da kuskure da tawili suna hana hukuncin sauka a kan mutum, ko cewa yanke shi aikin alƙali ne ba na mai wa'azi ba. Muna tsallake babin don muna ganin ya yi wa yara nauyi, alhali a waya ana karanta musu shi kullum ta ɗaya fuskar. Wasiƙun al-Kanemi da amsoshin Bello sun isa darasin zango guda, ga su kuma na gida, amma ɗalibanmu kaɗan ne suka san da su. Wannan ɗalibi shi za mu tura firamare a Damaturu ko Mubi, kuma cikin ajinsa za a sami yaron da aka tafi da ubansa barikin Giwa bai dawo ba, da wanda aka haifa a daji aka fito da shi a 2021.